Fashin baƙi: abun da ke taurara zuciya tun kafin ƙafa ta fara kumbura

Jama'a, akwai wani labari da ke maimaita kanshi a gidajenmu nan Kaduna, daga Rigasa har Kawo har Kakuri, kusan salo ɗaya. Dattijo ne ko dattijuwa, wani sa'in ma ɗan shekara arba'in da 'yan kai ne, an daɗe da faɗa mishi yana da hawan jini, in kai ya sara ya sha magani in kai ya lafa ya ajiye. Ana nan sai haki ya fara, zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya a hanya ya huta, da dare sai ya tara filo biyu uku dan in ya kwanta a miƙe numfashi sarƙewa yake, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A kai shi asibiti a ce zuciya ce ta gaza, a ba shi Lasix ya kwana yana fitsari, cikin 'yan kwanaki ƙafa ta saɓe kowa ya ce Alhamdulillahi sauƙi ya samu. Sauran ƙwayoyin da aka haɗo mishi da su, waɗanda ba ya jin aikinsu a jiki, su ake fara daina saya in aljihu ya yi zafi. To wallahi waɗanda ake yarwa ɗin nan su ne masu taɓa ainihin abun da ke lalacewa, kuma ba za a gane dalili ba sai an leƙa cikin naman zuciyar an ga me ke tsakanin ƙwayoyin halittarta.

Zuciya dai tsoka ce, tana bugawa wajen sau 100,000 a rana, tana tura jini kusan lita 5 duk minti ko da mutum na zaune. Ƙwayoyin tsokar su suka cinye mafi yawan girmanta amma in aka yi lissafin yawa ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin da ke ciki ba. Kuma ba a zube suke ba, kowace ƙwaya a naɗe take cikin wasu zarurruka na furotin da ke ɗaure ta da maƙwabciyarta, su ɗaure su rukuni-rukuni, su ɗaure rukunin da ƙananan hanyoyin jini, har su lulluɓe zuciyar gaba ɗaya. Likitoci na ce wa wannan ragar zarurrukan ECM a taƙaice, ni saƙa zan ce mata. Duk wanda ya taso a garin nan ya san tarihin masaƙun Kakuri tun daga KTL da aka buɗe a 1957, kuma ko tela na bakin layi zai gaya maka ƙarfin yadi da laushinshi a irin zaren yake da yanda aka saƙa shi, in ya yage aka mishi faci da yadin da ya fi shi kauri ramin zai toshe amma wajen ba zai ƙara lanƙwasa yanda yake yi da ba. Kusan duk maganar da ke tafe a nan take.

Babban zaren shi ne kolajin. Ba baƙon abu bane gare mu, shi ne jijiyar da ke ba ka wahala a tsire, shi ne ganda, shi ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya huce. A zuciya nau'i biyu ne manya, nau'i na 1 mai kauri da ƙarfi wanda ya kai wajen kashi 85 cikin 100 na kolajin ɗinta, sai nau'i na 3 siriri mai ɗan miƙewa, shi kuma wajen kashi 11. Akwai elastin mai taya nama dawowa bayan ya miƙe, akwai laminin da nau'i na 4 na kolajin da ke shimfiɗe a jikin kowace ƙwaya, akwai faibironektin mai liƙa ƙwaya da zare, sai wasu furotin masu riƙe ruwa da ke cika tsakani. Aikinsu na farko shi ne haɗa ƙarfi, dan ƙwayar tsoka ɗaya in ta matse ita kaɗai ba abun da za ta tura, sai zaren ya tattara ƙarfin miliyoyinsu ya mai da shi bugu ɗaya. Na biyu, su ke hana zuciya buɗewa fiye da ƙima lokacin da jini ke cika ta. Na uku wanda aka gano daga baya shi ne saƙar na aika saƙo, ƙwaya na jin taurin abun da take jingine da shi ta wasu furotin da ake kira intagirin, tana kuma canza hali gwargwadon abun da ta ji.

Saƙar nan ba gini bane da aka yi aka gama, kullum ana warware tsoho ana saka sabo. Masu sakawa wasu ƙwayoyi ne da ake kira faiburobilas, masu warwarewa kuma wasu sinadarai ne da ake kira MMP, sun haura iri 20 a jikin ɗan adam, su ma akwai masu taka musu birki guda 4 da ake kira TIMP. Yanda aka fara gano MMP ɗin ma abun sha'awa ne, a 1962 ne Jerome Gross da Charles Lapiere suka tsaya nazarin yanda wutsiyar talibambam ke narkewa lokacin da zai zama kwaɗo, suka samu sinadarin da ke cinye kolajin ɗin wutsiyar. Lafiyar zuciya a daidaiton nan take, mai sakawa kar ya fi mai warwarewa, mai warwarewa kar ya fi mai sakawa.

Yanzu a kawo hawan jini, wanda shi ne babbar matsalarmu. Wani bincike mai suna THESUS-HF da ya fito a 2012 ya bi majinyata masu gazawar zuciya 1,006 a ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, matsakaicin shekarunsu 52 kacal, hawan jini ne sanadi a wajen kashi 45 cikin 100, toshewar jijiyar zuciya da ta fi damun Turai da Amurka kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Shekara 52 fa, mutum na tsakiyar biyan kuɗin makarantar yara. In jini ya hau, zuciya na turawa ne a kan matsi, sai ɗakinta na ƙasa na hagu (ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa) ya fara kauri, wannan kowa ya ji shi. Abun da ba a cika faɗa ba shi ne ba tsoka kaɗai ke kauri ba. Jan da ake wa bangon, da sinadarin anjiyotensin, da aldosteron da wani ɗan ƙullutu a saman ƙoda ke fitarwa, da wani mai suna TGF-beta, duk suna tada faiburobilas daga barci su koma wata ƙwaya mai zafin nama wadda aikinta warkar da rauni ne, tana zuba kolajin ba ƙaƙƙautawa tana kuma jan zaren tana tamke shi. A fata in ka yanke haka ake so, ta rufe ciwo ta mutu ta ba da wuri. A zuciyar mai hawan jini kuwa ba wani rauni ɗaya da za a rufe a huta, matsin na nan yau na nan gobe shekara goma, sai ta yi ta zubawa tsakanin ƙwayoyin da lafiyarsu ƙalau da kewayen ƙananan hanyoyin jini. Kuma da saƙar ta ƙara tauri sai ƙwayoyin su ji taurin su ƙara zubawa, abu na ciyar da kanshi.

A nan gishiri ya shigo. A farkon shekarun 1990 Christian Brilla da Karl Weber sun yi gwaji a kan ɓeraye, suka ba su aldosteron haɗe da gishiri mai yawa, sai tabo, wato tarin kolajin, ya fito a ɗakin hagu har da na dama wanda matsin jinin bai taɓa shi ba, ma'ana sinadarin da kanshi ke jawo tabon ba matsi kaɗai ba. In ba gishirin kuma tabon ba ya fitowa haka. Da suka ba su spironolactone, maganin da ke toshe aldosteron, ɗan kaɗan, wanda bai ma kai ya sauke jinin ba, sai ya hana tabon. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, to a lissafa dunƙulen da ake marmasawa a miya, da yajin tsire, da na cikin indomi, da kanwar da ake jefawa a wake da kuka, ita ma sodiyam ce. Gaskiya mun wuce nan nesa ba kusa ba.

Ba yawan kolajin kaɗai bane matsala, har da yanda ya ƙulle. Akwai sinadarin da ke ɗaure zare da zare a gicciye, in ya yi yawa zaren ya ƙi miƙewa ya kuma ƙi warwaruwa ko MMP sun zo. Suga ma haka yake yi ta tashi hanyar, in ya daɗe da yawa a jini sai ya manne a kolajin ya ƙulle shi, shi ya sa wanda ya haɗa suga da hawan jini zuciyarshi ke saurin tauri. Tsufa ma na ƙarawa, ƙiba ma na ƙarawa.

To in zuciya ta yi tauri me ke faruwa? Matsewa tana iya matsewa da kyau, saki ne ke gagararta. Tsakanin bugu da bugu ya kamata ta saki jiki jini ya shigo cikin sauƙi, in bango ya ƙi sai an cusa jinin da ƙarfi, matsin ya koma baya zuwa huhu, ruwa ya tsattsafo, ga haki. Wannan ne ke rikita mutane har a gida a fara cewa ko dai jifa ne, dan an je an yi eko, wato hoton zuciya, likita ya ce ƙarfin turawarta, wato kason jinin da take fitarwa a kowane bugu, kashi 60 ne, lafiyayye daga 55 zuwa 70 yake, amma Hajiya ba ta iya share tsakar gida. Gazawar zuciya ce sosai, kusan rabin masu ciwon a duniya irin wannan gare su, ta fi kama mata da tsofaffi da masu hawan jini. Adalci a faɗa cewa ba saƙar kaɗai ke da laifin taurin ba, a cikin ƙwayar tsokar kanta akwai wani dogon furotin mai suna taitin da shi ma ke taurara, amma kolajin na da kaso babba musamman in ciwon ya yi nisa.

Ɓarnar ba ta tsaya a tauri ba. Kolajin da ya taru kewayen ƙananan hanyoyin jini na hana su buɗewa in mutum ya motsa, tazarar da iska za ta bi daga jini zuwa ƙwaya ta ƙaru, ƙwayoyi su galabaita wasu su mutu, inda suka mutu a cike da wani kolajin ɗin. Sai kuma maganar lantarki, wadda ita ta fi ba ni tsoro. Kowane bugu saƙon lantarki ne da ke bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, tabo kuma ba ya ɗaukar lantarki, sai saƙon ya riƙa kewaye yana jinkiri, wani sa'in ya kama zagaye wuri ɗaya ya ƙi fita. In a ɗakunan sama ne sai bugun ya rikice ba tsari, jini ya kwanta ya yi gudaji, gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa ya zama shanyewar ɓarin jiki. In a ɗakunan ƙasa ne mutum na iya faɗuwa nan take, irin mutuwar da ake cewa yanzun nan muka rabu da shi lafiya lau. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, inda masu warwarewa ne suka fi ƙarfi. MMP su yi yawa su yanke ƙananan zarurrukan da ke riƙe ƙwaya da ƙwaya, ƙwayoyin su zame wa juna, bango ya sirance ɗakin ya buɗe ya yi faɗi, wannan ne ake gani a hoton ƙirji a ce zuciyarshi ta kumbura. A nan turawar ce ke faɗuwa, kashi 40 zuwa ƙasa, wani har 20. Kuma abun mamaki zuciya ɗaya na iya haɗa biyun, zaren kirki na yankewa a nan, tabo marar amfani na taruwa a can. Matanmu masu jego sun san wannan kumburin, tun a shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta yawanshi a Zariya suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi, daga baya aikin Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya jawo hankali kan ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci. Wasu matan zuciyar na komawa daidai wasu ba ta komawa, kuma girman buɗewar da ta riga ta yi kafin a fara magani na cikin abubuwan da ke nuna inda za a dosa. Mai jego da ke haki tana tari da dare ƙafa a kumbure, dan Allah kar a ce sai an yi arba'in.

Amma kar wani ya ɗauka tabo maƙiyi ne kawai. In jijiyar zuciya ta toshe wani yanki ya mutu, ƙwayoyin tsokar ba sa dawowa, masu bincike a Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2009 cewa abun da ke sabuntuwa wajen kashi 1 ne cikin 100 a shekara ga matashi, yana kuma raguwa da tsufa. In ba a cike gurbin da kolajin ba bangon fashewa zai yi, kuma haɗarin fashewar ya fi yawa a makon farko, lokacin da aka kwashe mataccen nama sabon zare bai yi ƙwari ba. Sai wajen mako 6 zuwa 8 tabon ke yin ƙwari. Wannan tabon rai yake ceta. Matsalar ita ce saƙon da ya tada masu zuba shi ba ya tsayawa iya wurin, yana yaɗuwa har ɓangaren da bai mutu ba. Shi ya sa neman maganin da zai kashe tabo kai tsaye ya zama da wuya haka, an gwada wani mai toshe MMP bayan toshewar jijiya a wani gwaji mai suna PREMIER da ya fito a 2006 bai yi amfani ba, an gwada pirfenidone na tabon huhu a Manchesta, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ɗan raguwa kaɗan a majinyata ƙasa da 100. Ana kuma duba wani furotin na saƙar mai suna agirin wanda a 2017 aka ga yana taimaka wa zuciyar ɓera sabuntuwa, amma har yanzu bai zama maganin da likita zai rubuta maka ba.

Ƙofofin zuciya ma, waɗanda ke hana jini komawa baya, kusan duk saƙa ce zalla. Yaron da ciwon maƙogwaro ya kama ba a ba shi fenisilin ba, garkuwar jikinshi ta juya ta kai wa ƙofofin hari, shekara da shekaru su yi tabo su ƙanƙance ko su riƙa yoyo, ga budurwa 'yar 20 da ciwon zuciya.

Ta yaya ake ganin tabon? Eko da ake yi a manyan asibitoci irin Barau Dikko da Shika ba ya nuna kolajin ɗin kanshi, kaurin bango yake nunawa da yanda zuciyar ke saki da girman ɗakin sama na hagu, daga nan likita ke gane an yi tauri. Na'urar MRI da allurar gadoliniyam ita ke nuna tabon ƙuru-ƙuru har ta auna filin da ke tsakanin ƙwayoyi, wanda a lafiyayye wajen kashi 25 ne cikin 100, sai dai tsada da ƙarancinta sun sa ba kowa ke kaiwa gare ta ba. Ni a ganina talakan Tudun Wada ba MRI yake buƙata ba, abun awon hawan jini na hannu ya fi mishi amfani, dan duk wanda jininshi ya shekara biyar goma yana sama da 140 bisa 90 ba sai an haska ba an san aikin na gudana a ciki.

Sai maganar da ke yawo cewa a sha garin kolajin na gwangwani dan gyaran jiki, ko a daina cin ganda kar ta taru a zuciya. Duk biyun ba haka bane. Kolajin da ka ci narkewa yake a ciki kaman kowane furotin, ba ya tafiya zuciya ya zauna, na zuciya ƙwayoyinta ke haɗa shi da kansu in an tada su.

Magungunan da ke rage tada su kuwa suna nan a kemis ɗin unguwa, wasu ma ba su da tsada. Lisinopril da losartan na toshe hanyar anjiyotensin, kuma an ɗebi ɗan naman zuciyar masu hawan jini kafin da bayan watanni na shan su an ga kolajin ya ragu, wato wani ɓangare na abun na iya komawa baya in an kama shi da wuri. Spironolactone na toshe aldosteron, a gwajin RALES na 1999 mai majinyata 1,663 masu tsananin ciwon, ƙwaya ƙarama ta miligiram 25 ta rage mutuwa da kashi 30 cikin 100, da aka koma aka duba jininsu sai aka ga waɗanda alamar haɗa kolajin ta fi yawa a jikinsu su suka fi amfana. Daga baya aka nuna amfanin sacubitril haɗe da valsartan a 2014, na dapagliflozin a 2019, empagliflozin kuma a 2021 ya nuna amfani ga masu taurin zuciyar nan da aka daɗe ba a samo musu komai ba. Lasix na da muhimmanci ƙwarai, shi ke fitar da ruwa mutum ya samu numfashi, amma fitar da ruwan bai dakatar da abun da ke tara shi ba. Su waɗancan aikinsu a hankali yake cikin watanni, ba za ka ji shi ba yau ko gobe, shi ya sa suke da sauƙin yarwa, shi ya sa kuma mutum ke komawa gadon asibiti bayan wata uku da ƙafa fiye da ta farko.

Sai dai kar a je a saya kai tsaye dan an karanta a nan. Spironolactone da lisinopril da losartan duk suna iya ɗaga fotasiyam a jini su kuma taɓa ƙoda, dole a yi gwajin jini kafin a fara da bayan an fara. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan lisinopril ko losartan, suna cutar da ɗan tayi. Diclofenac da ibuprofen da ake sha dan ciwon jiki, har da haɗin da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda, suna riƙe gishiri da ruwa suna kuma iya kwantar da mai ciwon zuciya cikin kwanaki. Kuma maza, wajen ɗaya cikin goma a RALES nono ya musu ciwo ko ya ɗan tasa saboda spironolactone, da yawa kunya ke sa su daina sha shiru ba su faɗa wa kowa ba, alhali in aka gaya wa likita akwai eplerenone da ke aiki iri ɗaya kuma ba ya cika jawo wannan.